Bikin Ƙaddamar Da Littafi Da Sa Hannu: Shawara Ga Sabon Marubuci A Ƙasar Bagudo

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ɗaliban da ke karanta Hausa a kwalejojin ilimi, da wuya a rasa mai wani rubutu da yake adanawa a jakarsa, ko dai ƙagaggen labari, ko waƙoƙi, ko wasan kwaikwayo, ko tarihin garinsu. Wasu sukan daure su kai rubutun maɗaba'a bayan sun kama aikin koyarwa. A nan ne wata matsala take kunno kai wadda darussan adabi ba su cika taɓo ta ba, wato yadda littafi zai bar hannun mai shi ya shiga hannun jama'a. Hanyar da aka saba bi ita ce bikin ƙaddamarwa, kuma ita ce hanyar da ta fi jefa sababbin marubuta cikin bashi da ɓacin rai.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ranar fitar littafi rana ce ta masu karatu, kuma ma'aunin nasararta shi ne yawan kwafin da ya shiga hannun waɗanda za su buɗe shi su karanta. Saboda haka ya kamata sabon marubuci ya rage wa bikin nauyi, ya mayar da hankali ga abubuwa uku: karanta wa jama'a wani ɓangare na littafin, da sayar da shi a kan farashinsa na gaskiya, da sa hannu ga duk wanda ya saya. An ɗauki Matsinkai ta Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi a matsayin misali, domin irin wannan wuri ne mafi yawan ɗalibanmu za su koma su koyar, kuma abin da ya yi aiki a can zai yi aiki a ko'ina cikin karkara.

2.0 Yadda Marubuci Ya Zama Mai Tallar Littafinsa

Marubutan farko na zube ba su san wannan ɗawainiya ba. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga bisani ta zama Hukumar Talifi, ta kuma shirya gasar 1933 wadda ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Hukuma ce ta buga su, ita ce kuma ta shigar da su makarantu. Haka abin ya ci gaba a zamanin NORLA daga 1953 zuwa 1959, lokacin da ajujuwan yaƙi da jahilci suka buɗe wa littattafan Hausa kasuwa har cikin ƙauyuka, sannan Kamfanin NNPC na Zariya ya ɗora daga 1966. Aikin marubuci a wancan zamani ya ƙare ne ranar da ya miƙa rubutunsa.

Al'amura sun sauya a shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan da ke cikin manhajar jarrabawa. Sai matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, abin da manazarta suka riƙa kira Adabin Kasuwar Kano. Marubuta irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun nuna cewa littafin Hausa zai iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da hukuma ba. Sai dai sun yi haka ne a biranen da ke da maɗaba'u da diloli da masu ba da hayar littattafai a unguwanni. Malamin makarantar da ke Matsinkai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zai kai aikinsa Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Zariya ko Kano a buga, ya ɗoro kwalaye a mota ya dawo da su ɗakinsa. Daga nan shi ne kamfani, shi ne dillali, shi ne mai talla. Ke nan ranar fitar littafi ita ce kasuwarsa mafi girma, kuma idan ta lalace da wuya ya sami irinta.

3.0 Aibin Ƙaddamarwa Irin Wadda Aka Saba

Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da littafi a garuruwanmu ya san tsarinta. Akwai uban taro da shugaban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa. Akan kafa rumfuna, a jera kujeru, a yi ta jiran manyan baƙi har rana ta take. Idan sun iso sai a shiga jawabai, kowane mai jawabi ya fara da jero sunaye da muƙamai. Mai sharhi ya yabi marubuci da iyayensa, ya ɗan taɓa littafin a gurguje. Daga nan sai babban mai ƙaddamarwa ya sanar da cewa ya sayi kwafi kaza a kan kuɗi kaza, a yi tafi, na biye da shi su yi nasu, a ci abinci a watse.

Aibi na farko shi ne, mafi yawan abin da aka sanar alkawari ne. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, amma a nan marubuci ne ke ɗaukar kayan, domin shi zai yi ta zarya gidajen mutane da ofisoshinsu yana neman abin da aka riga aka yi masa tafi a kansa, ga mai maɗaba'a da mai rumfa suna jiran nasu. Aibi na biyu shi ne, kwafin da manya suka karɓa yakan ƙare ne a bayan mota ko a kan kanta, ba wanda ya buɗe. Aibi na uku, wanda ya fi sauran muni, shi ne talakan da ya zo da kuɗin kwafi ɗaya a aljihunsa yakan ji kunyar fito da su bayan ya ji ana ambaton dubban ɗaruruwa. Sai ya tashi ya tafi hannu rabbana, alhali shi ne zai karanta littafin, ya ara wa maƙwabcinsa, ya ba 'ya'yansa. Taron da ya kori irin wannan mutum ya kori mai karatu ya bar 'yan kallo.

Akwai kuma illar da take komawa ga adabin kansa. Idan marubuci ya saba da cewa darajar littafi tana ga wanda ya ƙaddamar da shi, sai ya daina wahalar gyara da tacewa, ya koma neman wanda zai sadaukar wa aikin. Ta haka ne ake samun littattafan da aka rubuta domin rana ɗaya.

4.0 Matsayin Sa Hannun Marubuci

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, al'adar da aka fi sani ita ce marubuci ya zauna a kantin littattafai ko ɗakin karatu, ya karanta wani yanki, ya amsa tambayoyi, sannan mutane su yi layi su saya ya sa musu hannu. Marubucin nan Charles Dickens ya fara karanta ayyukansa a bainar jama'a ana biya tun 1858, har ya kai abin Amurka a 1867. Wani zai ce wannan baƙuwar al'ada ce. Amma idan aka duba tarihin ilimi a ƙasar nan za a ga muna da tushenta. Mai kwafar littafi da hannu yakan rufe aikinsa da rubuta sunansa da ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Malami yakan rubuta wa almajirinsa ijaza, shaidar cewa ya karanta littafi kaza a gabansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, masarautar da Bagudo take ƙarƙashinta, ya keɓe littafi guda mai suna Ida'un Nusukhi domin ambaton malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Duk wannan yana nuna cewa magabatanmu sun ɗauki littafi a matsayin amana da ke bi daga hannu zuwa hannu, da sunan mai bayarwa da na mai karɓa.

Sa hannu a kan bugaggen littafi ƙaramin reshe ne na wannan ɗabi'a. Yana ƙulla zumunci tsakanin marubuci da mutum guda, da sunansa. Littafin da ke ɗauke da sunan mai shi da rubutun marubucinsa ba ya saurin zama takardar ƙunshe ƙosai. Bugu da ƙari, a zamanin da ɗimbin masu karatun Hausa suka koma karanta labarai a waya ta WhatsApp da Wattpad, muryar marubuci da rubutun hannunsa suna cikin abubuwan da suka rage wa littafin takarda waɗanda waya ba ta bayarwa.

5.0 Shawarwari

5.1 Littafin Kansa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada marubuci ya sa rana sai kwalayen littafi sun iso hannunsa ya buɗe ya duba. Masu maɗaba'a suna da uzurori da yawa, kuma babu abin kunya kamar jama'a su taru babu littafi. Ya duba ko shafuka sun cika, ko an juya wasu, ko ɗinki ya kama. A matsayinsa na malamin Hausa, ya fi kowa sanin cewa baƙaƙe masu lanƙwasa sukan ɓace idan aka sauya kwamfuta, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Wannan dubawa tun kafin a buga ake yin ta, a kan samfurin ƙarshe. Har wa yau ya nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma ajiye kwafi uku da dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa can. Wannan ajiya tana daga cikin shaidun da za su tsaya masa idan wani ya yi masa satar fasaha.

5.2 Lokaci Da Wuri

Mutanen ƙasar Bagudo manoma ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar, kuma da damina ta yi nisa hanyoyi sukan lalace, fadamu su cika. Wanda ya kira taro a watan Agusta ya kira shi lokacin da jama'a suke gona, rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da shinkafa da gero suka shigo gida, kuma makarantu suna cikin zango. A guji watan azumi da makon salla da lokacin yaƙin neman zaɓe, domin a lokacin zaɓe kowane taro fassara ake yi masa.

Game da rana, ranar kasuwa tana tara mutanen ƙauyuka ba tare da marubuci ya biya kuɗin mota ba, sai dai hankalinsu yana ga ciniki da safe. Saboda haka a fara bayan azahar, a tashi da la'asar sakaliya, yadda kowa zai isa gida da sauran rana. Halin tsaro a yankunan kan iyaka bai bar wurin taron dare ba, kuma wajibi ne a sanar da hakimi ko dagaci da jami'an tsaro tun da wuri. Game da wuri kuwa, ajin makaranta da ya cika ya fi filin da aka jera kujeru ɗari biyar mutum hamsin suka zauna. A nemi izinin shugaban makaranta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce.

5.3 Waɗanda Za A Gayyata

Marubuci ya fara lissafa masu karatu kafin ya lissafa masu kuɗi. Su ne malaman firamare da na sakandare, da ɗaliban manyan ajujuwa, da malaman Islamiyya, da ma'aikatan asibiti da na gona, da matasan da suka gama makaranta suna zaune a gari, da 'yan ƙungiyoyin ɗalibai da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ko a manyan makarantun Birnin Kebbi. Mutum ɗaya da ya karanta littafin kafin ranar, ya ji daɗinsa, ya fi takardar gayyata ɗari. Don haka a ba mutum biyar ko shida kwafi mako biyu kafin taro.

Kada a manta da mata. Tarihin adabin Hausa na shekarun 1980 zuwa yau ya nuna irin rawar da suka taka a rubutu da karatu, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A karkara da yawansu ba za su zo taron maza ba. Maganin wannan shi ne a keɓe musu zama na dabam a makarantar matan aure, ko a wakilta wata malama ta kai musu. Idan marubuciya ce, wannan zama shi ne babbar kasuwarta.

Akwai kuma maƙwabta na ƙetaren iyaka. Ta Tsamiya ana shiga Segbana, ta Lolo ana fita wajen Madekali da Malanbil, kuma Hausa tana cikin harsunan ciniki a duk wannan yanki, tare da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci. Akwai 'yan uwa da surukai da abokan ciniki a can waɗanda ke jin Hausa sarai, ko da yake bokonsu na Faransanci ne. Littafin Hausa ba ya isa gare su da sauƙi, don haka wanda ya kai musu ya sami kasuwar da ba kowa ke takara a cikinta ba. Sai dai rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agustan 2019 ya koya wa mutanen yankin cewa hanya tana iya toshewa ba shiri. A gayyace su, amma kada a gina lissafin taro a kansu.

Sarakuna da malamai da dattawa suna da haƙƙinsu na girmamawa. Marubuci ya je da kansa ya gaishe su, ya kai musu kwafi kyauta, ya nemi albarkarsu. Uban taro guda ɗaya ya isa.

5.4 Lissafi

Malami da yawa yakan ji nauyin maganar kuɗi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara domin a fahimta kawai. A ce an buga kwafi 500 a kan ₦300,000, wato kowane kwafi ya tsaya a kan ₦600. Idan za a sayar a kan ₦1,000, sai an sayar da kwafi 300 kafin kuɗin bugu su dawo. To, idan aka kashe ₦150,000 a kan rumfuna da kujeru da lasifika da abinci da katin gayyata, an cinye kuɗin wasu kwafi 150. Saura 50, su ne kuma za su tafi a kyauta. Ke nan ko da an sayar da komai, marubuci ya tashi a tutar babu. Amma idan aka yi taron a aji, aka kashe ₦20,000 a kan ruwa da goro da hayar ƙaramar lasifika, kwafi 20 ne kawai suka tafi. Wannan lissafi kowa zai iya yin sa da farashin ranar da yake ciki, kuma ya kamata a yi shi kafin a buga katin gayyata.

A rubuta farashi ɓaro-ɓaro a allo, da naira da kuma sefa, a kan canjin da kasuwa take yi a ranar. Wanda ya ga dama ya ƙara, a gode masa, amma kada a sanar da abin da kowa ya bayar ta lasifika. A tanadi canji. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa mutane da yawa sun saba da tura kuɗi ta waya, don haka a rubuta lambar asusu, a kuma yi magana da mai POS na gari ya zauna kusa. Tun da sabis yakan ɗauke a ƙauye, a tanadi littafin rubuta sunan wanda kuɗinsa bai shigo ba. Ƙa'ida ita ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: wanda ya yi alkawarin sayen kwafi hamsin, a ba shi ɗaya, sauran su bi kuɗinsu.

5.5 Tsarin Taro Da Karatu

Awa ɗaya da rabi ya wadatar. A buɗe da addu'a, uban taro ya yi gajeren jawabi, mai sharhi ya yi minti goma. A zaɓi mai sharhin da ya karanta littafin daga farko har ƙarshe, ko da malamin sakandare ne, ya faɗi abin da littafin ya ƙunsa da wanda zai amfana da shi, kada kuma ya tona ƙarshen labari. Daga nan sai marubuci ya karanta.

Karatun nan shi ne zuciyar taro, domin jama'armu masu sauraro ne tun kafin su zama masu karatu, kuma wanda tatsuniya da waƙar baka da rediyo suka rena ya san daɗin magana idan ya ji ta. A zaɓi yanki na minti bakwai zuwa goma wanda ke da motsi da zance, a tsaya a inda mai sauraro zai so ya ji abin da ya biyo baya. A yi bitar yankin da babbar murya sau da yawa a gida. Dalili shi ne rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, kamanninsu ɗaya a takarda, kuma mai karatu cikin fargaba yakan yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare ko da shi ya rubuta. A karanta abin da ke rubuce da Daidaitacciyar Hausa kamar yadda yake, amma idan aka koma hira da amsa tambayoyi, marubuci ya yi magana da karin harshen garinsu. Wanda ya dawo gida yana yi wa iyayensa Kananci ya sa shamaki tsakaninsa da su. Idan akwai waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, a sami wanda zai taƙaita musu da harshensu.

5.6 Teburin Sa Hannu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tanadi tebur biyu: na farko na ciniki, inda amintaccen mutum zai karɓi kuɗi ya ba da littafi ya rubuta, na biyu na marubuci. Kada marubuci ya taɓa kuɗi a ranar, domin kunya za ta sa ya yi ta yafewa, kuma hankalinsa zai rabu. A sa ɗalibi ɗaya ya riƙa rubuta sunan kowane mai saye a 'yar takarda ya saƙala a littafin kafin ya iso.

Maganar suna ba ƙarama ba ce a kan iyaka. Mai suna Usman a wannan gefe yana iya rubuta nasa Ousmane a wancan, Musa ya zama Moussa, A'ishatu ta zama Aïchatou. A rubuta wa kowa sunansa yadda shi yake rubutawa. Dattijo a haɗa masa da laƙabinsa na girma, Malam ko Alhaji ko Hajiya ko sarautarsa. Wanda ajami ya fi sani, a rubuta masa da ajami, zai riƙe wannan shafi da daraja. A yi rubutun a shafin da ke ɗauke da sunan littafi: sunan mai saye, da gajeriyar addu'a ko fatan alheri, da sa hannu, da kwanan wata, da sunan gari. A tanadi jimloli uku ko huɗu da za a riƙa sauyawa, ɗaya ta ɗalibai, ɗaya ta abokan aiki, ɗaya ta manya. A zo da biro fiye da ɗaya wanda tawadarsa ba ta ratsa takarda. Wani abin lura kuma, kada marubuci ya yi amfani da irin sa hannun da yake yi a banki, domin shafin zai shiga hannun da bai sani ba.

Ya ɗaga kai ya dubi kowane mutum, ya gaishe shi, ya tambaye shi daga ina ya zo. Idan dattijo ne ya miƙe ya karɓe shi. Idan yaro ya zo da kuɗin da bai cika ba, mai teburin ciniki ya san adadin kwafin da aka ware domin irin wannan tun kafin a fara. Idan kuma mutum goma sha biyar ne kawai suka zo, a yi musu karatun da za a yi wa ɗari, domin su ne za su ba da labari a gari.

5.7 Bayan An Watse

A daren ranar a ƙirga kuɗi da sauran littattafai, a fara biyan bashi. A cikin mako a bi waɗanda suka taimaka da godiya. A kai kwafi makarantar da ta ba da aji, da ɗakin karatu na jiha, da sassan Hausa na kwalejoji da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda manazarta za su iya cin karo da shi. Sannan a ɗauki wannan ƙaramin tsari a zaga da shi Ka'oje da Illo da Zagga da Bagudo da Kamba, kowane wuri aji ɗaya da kwali ɗaya. Zama biyar na mutum talatin-talatin ya fi taro guda na ƙasaita yaɗa littafi. Sauran kwalaye a ɗora su a kan katako nesa da bango, saboda gara da laima.

6.0 Abin Da Masu Ja Za Su Ce

Za a ce a ƙasar da sayen littafi bai zama ɗabi'a ba, gudummawar masu hali ita ce kaɗai ke mayar wa marubuci da kuɗinsa, kuma taimakon mai ilimi tsohuwar al'ada ce ta sarakuna da attajirai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba a ce a ƙi karɓar taimako ba. Abin da ake cewa shi ne a sauya masa hanya. Mai son taimakawa a same shi tun kafin bugu ya ɗauki wani kaso na kuɗin maɗaba'a, yadda farashi zai sauko, ko ya biya kuɗin kwafi hamsin a raba wa makarantun mazaɓarsa, a rubuta sunansa a cikin kowane kwafi. Ta haka ya sami lada da suna, marubuci ya sami kuɗi a hannu, yara sun sami abin karatu. Za a kuma ce ƙaramin taro yana rage wa marubuci kwarjini. Amsa ita ce kwarjinin da aka samo da bashi ba ya kai wata guda, kuma ɗabi'ar sayen littafi ba za ta kafu ba matuƙar ana nuna wa jama'a cewa littafi kayan manya ne.

7.0 Kammalawa

An ga yadda tarihin ɗab'i ya ɗora wa marubucin Hausa nauyin tallar aikinsa, da yadda ƙaddamarwa irin wadda aka saba take tara alkawari ta kori mai karatu, da matakan da sabon marubuci zai bi tun daga duba littafi har zuwa zagayen bayan taro. Wannan magana ta shafi ɗalibi mai koyon malanta ta fuska biyu. Ko dai wata rana shi ne zai zauna a teburin sa hannu, ko kuma shi ne wanda marubuci zai nema ya ba da aji, ya tara ɗalibai, ya yi sharhi. A gari irin Matsinkai, inda babu kantin littattafai, makaranta ce kanti kuma malami ne dillalin ilimi. Yaron da ya ga mutumin garinsu ya karanta abin da ya rubuta da harshensu, ya kuma rubuta masa sunansa a ciki, ya koyi cewa marubuci mutum ne kamarsa, kuma daga irin waɗannan yara ne marubutan gobe za su fito.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana dalilan da suka sa marubucin Hausa ya koma buga littafinsa da kansa daga shekarun 1980.
2. Kawo illoli uku na bikin ƙaddamarwa irin wanda aka saba, ka faɗi ra'ayinka a kan kowace.
3. Tsara jadawalin taron fitar da littafi na awa ɗaya da rabi a makarantar garinku, tare da lissafin abin da za a kashe.
4. Wace alaƙa ke tsakanin karin sauti da tsawon wasali da karatu a bainar jama'a? Kawo misalai biyar naka na kanka.